Tambaya Ta Fita Ta Tarho, Amsa Ta Shigo Ta Kebul: Yadda Gida Yake Raba Layin Intanet Mai Hanya Ɗaya



1. Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau wata matsala ce da ta taɓa damun magidanta a Amurka, tun daga wajajen 1996 har zuwa farkon shekarun 2000. Ga yadda take. Mutum yana da kwamfuta uku a gidansa: tasa, da ta matarsa, da ta yara. Ya biya kuɗin layin intanet guda ɗaya, yana son duka ukun su amfana da shi. To, amma layin nan nasa rabe yake gida biyu. Duk abin da zai shigo masa, ta wayar talabijin ta kebul yake shigowa, cikin sauri ƙwarai. Duk abin da zai aika kuwa, sai ya bi ta wayar tarho, a hankali. Ana kiran na'urar da ke wannan aiki modem na kebul mai hanya ɗaya.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa mu da matsalar da ta riga ta wuce, a ƙasar da ba tamu ba? Dalili shi ne, na'urar ta ɓace amma dokokin da suka haifi matsalar suna nan daram. Wanda ya gane abin da ya faru a wancan gida ya gane abin da ke faruwa duk sa'ad da ɗalibi ya buɗe wa abokan ɗakinsa data daga wayarsa, ko kuwa ma'aikata ta sayi layi ɗaya ta raba wa ma'aikata ashirin, sa'an nan kowa ya riƙa kukan layin ba ya tafiya.

Abin da nake son in tabbatar muku shi ne wannan: sadarwa ba ta cika sai da hanyar mayar da amsa, kuma a duk inda mutane da yawa suka haɗu a kan layi ɗaya, ƙaramar hanyar fita ce take mulkin babbar hanyar shiga.

2. Asalin kebul mai hanya ɗaya

An fara talabijin na kebul a Amurka a wajajen 1948, a waɗansu ƙananan garuruwa na jihohin Fensilbaniya da Oregon, inda duwatsu ko nisa suka hana hoton tashoshin manyan birane isowa. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce: a kafa babbar eriya a kan tudu, a ja waya daga can zuwa gidajen mutane, kowa ya biya kuɗin wata. Wayar irin wadda muka sani ce a bayan akwatin talabijin, mai silin tagulla a tsakiya da ragar ƙarfe a kewaye.

Sigina yana raunana in ya yi tafiya a cikin waya. Saboda haka bayan kowane 'yan ɗaruruwan mita sai a sa na'urar ƙara masa ƙarfi. Waɗannan na'urori fuska ɗaya suke kallo, watau daga cibiyar kamfani zuwa gidaje, kamar yadda ruwan famfo yake gangarowa daga tanki ba ya komawa. Babu wanda ya ga aibin haka a lokacin, domin mai kallon talabijin ba shi da abin da zai ce wa tasha. Nasa ido ne da kunne.

A tsarin Amurka kowace tasha tana cin faɗin megahaz 6, kuma tashoshi suna farawa daga megahaz 54 zuwa sama. An keɓe ɗan fili a ƙasa, daga megahaz 5 zuwa 42, domin abin da zai koma daga gida zuwa kamfani. Sai dai kamfanoni da yawa ba su taɓa sa na'urorin da za su yi amfani da filin ba. Ko waɗanda suka gwada sun tarar da wata wahala. Wannan fili shi ne mazaunin rediyon gajeren zango, wanda iyayenmu suka saba kama tashoshin ƙetare da shi, kuma nan ne hayaniyar injuna da kayan lantarki na gida take faɗawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk inda mahaɗin waya ya saki a wani gida, hayaniya ta samu ƙofa. Da yake kuma tsarin kebul kamar itace yake, mai gindi da rassa, hayaniyar dubban gidaje sai ta taru ta kwarara zuwa gindi guda, ta danne maganar kowa.

Maganin wannan shi ne a canja na'urorin ƙara ƙarfi gaba ɗaya, a kuma ja zaren gilashi daga cibiya zuwa kowace unguwa, yadda gidaje 'yan ɗaruruwa kawai za su haɗu a kan reshe ɗaya. Aiki ne na shekaru da biliyoyin daloli. Ga shi kuma a tsakiyar shekarun 1990 jama'a sun fara neman intanet ido rufe. Kamfanonin da ba su gama gyara ba sai suka ce, bari mu sayar da abin da ke hannu: saukowa ta kebul, hawa ta tarho.

3. Yadda modem mai hanya ɗaya yake aiki

Kafin in ci gaba, ya kamata mu san abu biyu game da intanet. Na farko, ba a aika labari dunƙule. Ana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki a sa shi cikin ƙunshi, wanda yawanci ba ya wuce bayit 1,500. Bayit ɗaya kuwa bit 8 ne, kusan nauyin harafi guda. Na biyu, kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshi biyu a goshinsa, na mai aikawa da na wanda aka aika wa, daidai da ambulan. Wannan tsari ya samo asali daga aikin Vint Cerf da Robert Kahn na 1974, aka kuma mayar da shi doka a kan hanyar sadarwar da ta haifi intanet a ranar 1 ga Janairu, 1983.

To, mai kebul mai hanya ɗaya in yana son shiga intanet, sai kwamfutarsa ta buga tarho zuwa kamfani ta modem na tarho, ta ba da suna da kalmar sirri. Kamfani ya ba ta adireshi, ya kuma rubuta a wurinsa cewa duk ƙunshin da ya zo da wannan adireshi, kada a mayar da shi ta tarho, a zuba shi cikin tashar kebul da aka keɓe wa intanet. Ƙunshin zai bi reshen unguwa ya wuce ta ƙofar kowane gida, amma modem ɗin da ke da lambar da aka rubuta a kansa shi kaɗai zai ɗauka.

Bambancin saurin hanyoyin biyu ba kaɗan ba ne. Tashar kebul guda mai faɗin megahaz 6 tana iya ɗaukar kimanin megabit 27 a sakan ɗaya, ko da yake gidaje da yawa ne suke rabawa, kowane gida ya samu ɗan kaso. Modem na tarho kuwa iyakarsa wajen aikawa kilobit 33.6 a sakan. Ko modem ɗin da aka yi wa laƙabi da 56, wanda ƙa'idarsa ta fito a 1998, wajen karɓa ne kawai yake kusantar wannan adadi, wajen aikawa yana nan a 33.6.

Daga cikin na'urorin da aka sani a wancan zamani akwai SURFboard SB1000 na kamfanin General Instrument, wanda kati ne da ake cusawa cikin kwamfuta, da kuma na kamfanin Hybrid Networks. Ƙa'idar DOCSIS ta 1997, wadda ta haɗa kan masu ƙera modem na kebul, ita ma ta tanadi mayar da amsa ta tarho. Ba kebul kaɗai ya bi wannan hanya ba: DirecPC na kamfanin Hughes, wanda ya shiga gidaje a 1996, yana saukar da labari daga tauraron ɗan'adam da saurin kilobit 400 a sakan, aikawa kuwa sai ta tarho.

4. Adireshi ɗaya, kwamfutoci da yawa

Yanzu mu ajiye maganar hanya biyu tukuna, mu ga yadda ake raba layi na yau da kullum. Adireshin intanet na asali lamba ce mai bit 32, watau adireshin da za a iya samu duka bai wuce biliyan 4.3 ba. Tun farkon shekarun 1990 masana suka hango ba za su isa ba. Saboda haka kamfani adireshi ɗaya yake ba kowane gida. Mai son ƙari sai ya ƙara kuɗi a wata, waɗansu kamfanonin ma sun rubuta cikin yarjejeniya cewa kwamfuta ɗaya suka sayar wa layi.

A watan Mayu na 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka fito da takardar ƙa'ida mai lamba 1631, inda suka bayyana dabarar musanyar adireshi, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa NAT. A 1996 kuma wata takardar, mai lamba 1918, ta keɓe waɗansu adireshi domin amfanin cikin gida kawai, kamar waɗanda suke farawa da 192.168 ko da 10. Miliyoyin gidaje suna iya amfani da lamba iri ɗaya a ciki, tun da ba ta fita waje.

'Yan'uwa ma'aikata za su fi kowa gane wannan, domin aikin ofishin rajista ne sak. Ma'aikata tana da akwatin gidan waya guda ɗaya, amma jami'ai hamsin suke rubuta wasiƙa. Kowace wasiƙa za ta fita sai ta bi ta hannun akawun rajista. Shi zai buga mata adireshin ma'aikata, ya ba ta lambar fayil, ya rubuta a littafinsa cewa lamba kaza daga teburin wane ta fito. In amsa ta zo tana ambaton wannan lamba, sai ya duba littafi ya miƙa wa mai ita. Wanda ke waje bai san jami'in ba, ma'aikatar kawai ya sani.

Haka abin yake a gida. Za a zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama zaure. A sa mata katin sadarwa na biyu, a haɗa ta da sauran ta waya ta hanyar wata 'yar akwati mai ramuka da ake kira mahaɗa. Ita ta ɗauki 192.168.0.1, ta uwargida 192.168.0.2, ta yara 192.168.0.3. In yaro ya nemi wani shafi, ƙunshinsa ya zo zaure, a goge adireshinsa na ciki a sa na gida, a ba shi lamba daga cikin lambobi 65,536 da tsarin ya tanada, a rubuta a rajista. Amsa ta dawo, a duba lamba, a mayar da adireshin yaro, a miƙa masa. A 1999 kamfanin Microsoft ya sa wannan dabara cikin bugu na biyu na Windows 98, har wanda ba masani ba ya iya kunna ta.

5. Inda gizo yake saƙa

Akwai wani zato da aka gina wannan tsari a kansa, wanda ba a ma damu da faɗarsa ba don ana ganin a fili yake: ƙofar da tambaya ta fita, ta nan amsa za ta shigo. Kebul mai hanya ɗaya ya rushe wannan zato. Mu koma ofishinmu. A ce wasiƙu suna fita ta ƙofar gaba a hannun masinja mai keke, amsoshi kuwa babbar mota ce take kawo su ta ƙofar baya. Cikas iri huɗu ne za su taso.

Na farko, akawu da littafinsa suna ƙofar gaba. Manhajar rabawa takan tambayi mai gida ya nuna mata ƙofa guda wadda intanet take. In ya nuna tarho, tambayoyi za su fita lafiya, amma amsoshin da suka sauko ta kebul ba za su bi ta gaban rajista ba, sai su tsaya a zaure babu mai kai su ciki. In ya nuna kebul, to ya nuna ƙofar da ba a fita ta cikinta. Shi ya sa masu irin wannan layi suka yi ta shan wahala da manhajar da ta zo cikin Windows 98: kwamfutar zaure tana shiga intanet sumul, sauran kuwa shiru.

Na biyu, wane adireshi za a buga wa wasiƙa? A waɗansu kamfanoni ɓangaren tarho yana da nasa adireshi, ɓangaren kebul yana da nasa. Manhajar musanya bisa al'ada adireshin ƙofar fita take bugawa. In ta yi haka, amsa za ta biyo tarho, mai gida ya biya kuɗin kebul ya tashi da saurin tarho.

Na uku, akwai mai gadi. Domin maganin masu aika ƙunshi da adireshin ƙarya, tsarin kwamfuta irin su Linux yana da wata doka: in ƙunshi ya shigo ta wata ƙofa, a duba ko ta wannan ƙofar za a bi in za a mayar wa mai shi da amsa. In ba ta nan ba ne, a yar da shi. Doka ce mai kyau, amma a gidan mai kebul mai hanya ɗaya kowace amsa ta gaskiya kama da ɓarawo take yi, tun da ta kebul ta shigo alhali hanyar komawa tarho ce.

Na huɗu, wa zai buga tarho, wa zai ajiye? Yaro yana ɗakinsa yana son shiga, kwamfutar zaure tana ɗakin uba. Dole a shirya ta ta riƙa bugawa da kanta in ta ga ƙunshi, ta kuma katse in an daɗe ba a yi motsi ba. Duk tsawon lokacin nan kuwa tarhon gida a toshe yake, mai kira daga waje ba zai samu ba. Gidaje da yawa sai da suka ja layin tarho na biyu.

6. Hanyoyi uku da aka bi

Hanya ta farko ita ce naɗa wakili. Maimakon a riƙa goge adireshi a kan ƙunshi, sai a sa wa kwamfutar zaure wata manhaja da za ta karɓi saƙon 'yan gida ta je ta nemo da sunanta. Yaro ya ce mata ina son shafi kaza, ita ta nema kamar ita ce mai buƙata, in ya iso ta miƙa masa ta wayar cikin gida. Da yake kwamfutar zaure ta riga ta san fita ta tarho da karɓa ta kebul, matsalar ƙofa biyu ba ta ma taso ba. WinGate, wadda aka fara fitarwa a ƙasar Niyu Zilan a 1995, tana cikin manhajojin da aka fi amfani da su a wannan aiki. Aibin hanyar biyu ne. Kowace manhaja a kowace kwamfuta sai an nuna mata wakilin, waɗansu kuma, kamar na wasanni da na hira da murya, ba su san mu'amala da wakili ba. Sa'an nan in mai gida bai kulle wakilinsa ta fuskar waje ba, baƙo daga ko'ina a duniya yana iya aikensa, ya yi ɓarna da adireshin gidan.

Hanya ta biyu ita ce a matsar da akawu tsakiyar gida, inda zai ga ƙofofin biyu. Masu amfani da Linux sun fi samun sauƙin wannan, domin rajistar musanya a can cikin zuciyar tsarin take, ba a jikin wata ƙofa ba. Abin da ya rage shi ne mai gida ya umarce ta ta riƙa buga adireshin da kamfani yake turo wa amsa ta kebul, ya kuma sallami mai gadin nan daga ƙofar kebul. Wannan hanya ta fi cika, amma tana bukatar mai ilmi da haƙuri, galibi a kan wata tsohuwar kwamfuta da aka keɓe ta kwana a kunne.

Hanya ta uku ita ce a ɓoye ƙofofin biyu a bayan ƙofa ɗaya. Waɗansu modem ɗin akwati ne mai zaman kansa, da modem na tarho a cikinsa ko a jikinsa. Shi yake bugawa, shi yake raba abin hawa da abin sauka, kwamfuta kuwa waya ɗaya tak take gani. Wanda ya dace da irin wannan yana iya amfani da kowace manhajar rabawa, ko ƙananan akwatunan rabawa da suka fara yawaita a kasuwa a wajajen 1999. Wanda aka ba kati na cikin kwamfuta kuwa ba shi da wannan gata.

7. Ƙuncin hanyar fita

A ce duk an shawo kan waɗannan, kwamfuta uku suna shiga. Saura babbar matsala, wadda ba ta manhaja ba ce, ta lissafi ce.

Dokar TCP, wadda yawancin zirga-zirgar intanet take bi, ba ta yarda mai aikawa ya yi ta zuba kaya ba tare da shaidar karɓa ba. Bisa al'ada, duk ƙunshi biyu da suka iso sai mai karɓa ya mayar da ɗan rasit mai nauyin bayit 40. In rasit ya yi jinkiri, mai aikawa zai dakata. Ke nan ko mai saukar da abu kawai yana bukatar hanyar fita.

Mu yi lissafi. Kilobit 33.6 a sakan daidai yake da bayit 4,200. In aka raba da 40, za a samu rasit 105 a sakan. Kowane rasit yana sakin ƙunshi biyu, watau bayit 3,000. Jimla bayit 315,000, kimanin megabit 2.5 a sakan. Wannan shi ne rufin da tarho ya yi wa kebul, in ba a matse rasit ɗin ba, kuma in babu komai a kan hanyar sai su. Ga mutum ɗaya mai karanta shafuka, wannan ya isa har ya yi yawa.

To, amma ga uwargida ta tashi aika hoto mai nauyin bayit miliyan ɗaya. A kan tarho zai ci kusan minti 4, alhali da saukowa zai yi a kan layin megabit ɗaya, sakan 8 ya ishe shi. Kowane ƙunshi nata mai bayit 1,500 yana tare hanya fiye da sulusin sakan. In goma suka yi layi a bakin modem, rasit ɗin uba da na yara za su tsaya a bayansu fiye da sakan 3. Masu aiko musu kaya daga can su ga shiru, su rage gudu. Sai a wayi gari kebul a buɗe yake fayau, babu abin da ke saukowa, kowa yana zagin kamfani, alhali cunkoson a bakin ƙofar gida yake. Kamar ƴan rasit ne a kan babur sun biyo bayan motar itace a kan gada mai ɗaukar mota ɗaya. Injiniyoyin intanet sun tattara bayanin wannan illa cikin takarda mai lamba 3449 a watan Disamba na 2002.

Maganin da gidaje suka samu a lokacin biyu ne. Ko dai a yi yarjejeniya, mai babban aike ya bari sai dare, ko kuwa a koya wa kwamfutar zaure ta riƙa shigar da ƙananan ƙunshi gaban manya.

8. Abin da ya saura a yau

Da kamfanoni suka gama gyaran wayoyinsu a farkon shekarun 2000, modem mai hanya ɗaya ya kau. Amma abu biyu sun saura.

Na farko, akawun rajista. A ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar da ke rabon adireshi ta duniya ta raba na ƙarshen abin da ke rumbunta na tsohon tsari. Akwai sabon tsari mai bit 128, wanda ƙa'idarsa ta fito tun shekarun 1990, amma har yanzu bai maye gurbin tsohon gaba ɗaya ba. Saboda haka 'yar akwatin da ke ba da Wi-Fi a ofis, da wayar ɗalibin da ya buɗe wa abokansa data, duk aikin kwamfutar zauren nan suke yi. Kamfanonin wayar hannu ma sukan tara dubban masu layi a bayan adireshi kaɗan, watau rajista a kan rajista.

Na biyu, rashin daidaito tsakanin hawa da sauka. Yawancin layukan da ake sayar wa gidaje, na kebul ne ko na wayar hannu ko na tauraron ɗan'adam, saukarsu ta fi hawansu faɗi nesa ba kusa ba, kuma adadin sauka shi ake bugawa da manyan haruffa a talla. Alhali aikinmu ya canja. Ɗalibi yana ɗora takardunsa wajen rajista, ma'aikaci yana tura rahoto da hotunan takardu, ana taro ta bidiyo, wayoyi kuma suna kwashe hotuna suna turawa ma'ajiya ba tare da an umarce su ba. A 2010 Jim Gettys ya jawo hankalin masana ga illar dogon layin da ƙunshi suke yi a bakin na'urori. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel ta rage wannan layi, aka kuma haɗa ta da tsarin da ke ba kowane mai aike layinsa daban, a riƙa ɗiba bi da bi. Akwatunan rabawa da yawa na yanzu suna da irin wannan, sai dai sau da yawa sai an kunna.

9. Kammalawa

Jama'a, mun ga yadda wayar da aka shimfiɗa domin mai kallo ta gaza sa'ad da mai kallo ya bukaci yin magana, da yadda aka yi mata ƙari da tarho, da kuma cikas ɗin da wannan ƙari ya jawo wa mai son raba layi a gidansa. Ina roƙon 'yan'uwa ma'aikata, musamman waɗanda sayen kaya yake hannunsu, in an kawo muku takardar cinikin layi, ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Nawa ne saurin hawa, ban da na sauka? Mutum nawa za su hau layin a lokaci ɗaya? Akwatin rabawa kuma, ya iya ba kowa rabonsa, ko kuwa wanda ya riga zuwa shi zai tare ƙofa? Ɗalibai kuma, ranar da kuka ga data ta tsaya alhali sigina a cike yake, kafin ku ɗora wa kamfani laifi ku fara duba ko wani a cikinku yana aika babban kaya.